Amanar Jama'a Ce Babban Jarin Hukuma: Darasi Daga Naira Da Bankuna Da Haraji

A ranar 3 ga watan Maris na shekarar 2023, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa tsofaffin takardun kuɗi na Naira 200 da 500 da 1,000 suna nan daram a matsayin halaltattun kuɗi har zuwa ƙarshen wannan shekara. To amma duk da haka, a kasuwanni da tashoshin mota da gidajen mai da dama, mutane suka ci gaba da ƙin karɓar tsofaffin takardun, suna jiran su ji ta bakin Babban Bankin Nijeriya. Shi kuwa bankin bai ba da umurnin a karɓa ba sai bayan kwana 10, watau ran 13 ga wata. A tsawon waɗannan kwanaki, mai tumatir da kwandastan mota kowa ya zama alƙalin kansa game da ko takardar da aka miƙo masa kuɗi ce ko kuwa tarkace.

Wannan al'amari ya fito da wata gaskiya fili, watau cewa doka tana iya kafa hukuma, ta ba ta ofis da ma'aikata da hatimi, amma ba ta iya sa mutum ya yarda da ita a zuciyarsa. Yardar nan kuwa a kanta duk wata harka ta kuɗi ta dogara, tun daga cinikin kwano ɗaya na gero har zuwa rancen da gwamnati ke nema a kasuwannin duniya. Idan ta yi rauni, asarar ba ta tsayawa a kan sunan gwamnati, tana shiga aljihun kowa.

Bambancin iko da halacci

Masana harkokin mulki suna bambanta iko da halacci. Iko shi ne hukuma ta iya sa mutum ya yi abin da take so ko da ransa ba ya so, saboda tana da 'yan sanda da kotu da kurkuku. Halacci kuwa shi ne jama'a su amince cewa hukumar nan ta cancanci a bi ta, har su bi umurninta ko da babu mai tsaye a kansu da bulala.

Wani Bajamushe masanin zamantakewar ɗan Adam mai suna Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya bayyana cewa mutane kan amince da mai mulki ko dai saboda gado da al'ada, kamar yadda ake gani a sarautun gargajiya, ko saboda kwarjinin wani shugaba, ko kuma saboda doka da tsari. Hukumomin zamani irin su Babban Banki da hukumar tara haraji da kotuna ba su da gado, kuma ba a gina su a kan kwarjinin mutum ɗaya ba. Abin da suke taƙama da shi kawai shi ne doka. Saboda haka duk ranar da aka ga su da kansu suna taka dokar, to ba su da sauran madogara.

Sashe na 14 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya bayyana cewa mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun ikonta, kuma tsaron lafiyarsu da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Ta fuskar tattalin arziki ma'anar wannan a fili take. Babu gwamnatin da ke da isassun ma'aikatan da za ta ajiye ɗaya a bakin kowane shago don tabbatar da an karɓi kuɗinta ko an biya ta haraji. Dole ne mafi yawan mutane su bi doka bisa raɗin kansu, sa'an nan hukuma ta ji da 'yan tsirarun da suka kauce. In aka wayi gari mafi yawa ne suka kauce, to kuɗin tilastawa sai ya fi abin da za a samu.

Takardar kuɗi alkawari ce

Takardar Naira 1,000 ba ta da wani amfani a karan kanta, ba a cinta, ba a ɗaura ta. Manomi yana ba da buhun masara ya karɓe ta ne domin ya tabbata gobe mai taki zai karɓa daga hannunsa. Sa hannun Gwamnan Babban Banki da ke jikinta alkawari ne cewa takardar za ta ci gaba da karɓuwa, kuma darajarta ba za ta zube dare ɗaya ba. Tun da Babban Banki ya fara aiki ran 1 ga watan Yuli na 1959, har zuwa lokacin da Naira ta maye gurbin fam ran 1 ga watan Janairu na 1973 bisa Naira 2 a kan fam guda, har kuma zuwa yau, wannan alkawari shi ne ainihin aikin bankin.

An sha jarraba alkawarin. A farkon 1968, lokacin yaƙin basasa, Gwamnatin Tarayya ta canja takardun kuɗi don kashe amfanin waɗanda ke hannun ɓangaren Biyafara. Bayan yaƙin, a 1970, fam 20 kacal aka biya kowane mai kuɗin Biyafara, ko nawa ya miƙa, kuma har yanzu ana ambaton wannan magana a gabashin ƙasar. A watan Afrilu na 1984 kuma gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canja launin takardun, ta rufe iyakokin ƙasa, ta ba mutane ƙasa da mako biyu su canja kuɗinsu. Mutanen karkara da dama da ke nesa da banki sun yi asara.

Jarrabawa mafi tsanani ita ce ta baya-bayan nan. Ran 26 ga watan Oktoba na 2022, Gwamnan Babban Banki na lokacin, Mista Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sake fasalin manyan takardun kuɗi guda uku. Dalilin da ya bayar shi ne daga cikin Naira tiriliyan 3.23 da ke yawo a ƙasar, kimanin tiriliyan 2.73 suna hannun jama'a, ba sa cikin bankuna. An kuma ce shirin zai taimaka wajen daƙile jabun kuɗi da biyan fansa ga masu satar mutane. Sababbin takardun suka fito ran 15 ga watan Disamba, aka sa 31 ga watan Janairu na 2023 a matsayin ranar ƙarshe, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga watan Fabrairu.

Jama'a suka yi abin da aka umurce su, suka kwashi tsofaffin kuɗinsu suka kai banki. Da suka koma karɓar sababbi sai aka tarar ba a buga isassu ba. Kuɗin da ke yawo a ƙasar suka faɗi ƙasa da Naira tiriliyan ɗaya a watan Fabrairu. Mutane suka riƙa kwana a layin na'urar cirar kuɗi, masu POS suka riƙa sayar wa mutum Nairarsa da tsada, hanyoyin tura kuɗi ta waya suka cushe, kayan gwari suka ruɓe a hannun manoma saboda babu mai tsabar kuɗin saye. A garuruwa irin su Ibadan da Benin da Warri an yi tarzoma har aka far wa wasu bankuna. Duk wannan ya faru ne ana sauran 'yan kwanaki zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga watan Fabrairu.

Gwamnatocin jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, daga baya wasu jihohi suka bi sahu. Ran 8 ga watan Fabrairu kotun ta ba da umurnin a dakata, amma ran 16 ga wata Shugaban Ƙasa ya yi jawabi ya ce tsohuwar Naira 200 kaɗai za a ci gaba da karɓa. A hukuncinta na ƙarshe kotun ba ta ce gwamnati ba ta da ikon canja kuɗi ba. Abin da ta ce shi ne sashe na 20 na dokar Babban Banki ta 2007 ya wajabta a ba jama'a isasshen wa'adi, ba a kuwa bayar ba, sa'an nan ba a tuntuɓi waɗanda ya kamata a tuntuɓa ba. Watau ikon yana nan, hanyar da aka bi ce ta rasa halacci. A watan Nuwamba na 2023 kotun ta sake ba da dama tsofaffi da sababbin takardun su ci gaba da yawo tare ba tare da wa'adi ba.

Sakamakon ya zo akasin abin da aka nufa. Shirin da aka fito da shi don jawo kuɗi cikin bankuna ya koya wa mutane cewa shigar da kuɗi banki da sauƙi, fito da su ne wuya. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A ƙarshen 2024 kuɗin da ke yawo sun haura Naira tiriliyan 5, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari nasu suna wajen bankuna, watau kason ya zarce na kafin a fara shirin. Hauhawar farashi tana da hannu a yawan adadin, amma ba ita kaɗai ta hana kuɗin komawa banki ba.

Akwai wata hanyar da alkawarin kuɗi ke warwarewa a hankali ba tare da hayaniya ba. Sashe na 38 na dokar Babban Banki ya ba shi damar ranta wa Gwamnatin Tarayya kuɗi na wucin gadi, bisa sharaɗin kada su wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati na shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekara ta ƙare. Duk da wannan iyaka, bashin ya taru har ya kai Naira tiriliyan 22.7, wanda Majalisar Dattawa ta amince a watan Mayu na 2023 a mai da shi bashi na dogon lokaci. Ranta wa gwamnati kuɗi ta wannan hanya daidai yake da ƙirƙirar sababbin kuɗi ba tare da an ƙara kaya a kasuwa ba, kuma yana cikin abubuwan da suka rura wutar tsadar rayuwa. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari bisa ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa.

Haka zalika batun farashin canji biyu. Daga 1995 zuwa 1998 farashin gwamnati Naira 22 ne a kan dala ɗaya, alhali sauran masu buƙata suna saye a kan fiye da Naira 80. Duk wanda ya sami dala a farashin farko ya sayar a na biyu ya ninka kuɗinsa kusan sau huɗu ba tare da ya ƙera ko allura ba. Irin wannan tazara ta sake dawowa a shekarun baya, har zuwa watan Yuni na 2023 da aka haɗe farashin. Illarta ta wuce asarar kuɗi, domin tana cusa wa ɗan kasuwa tunanin cewa sanin manya ya fi aiki tuƙuru riba, kuma hukuma tana da 'yan lele da 'yan bora.

Yadda bankuna suka faɗi, da yadda aka gyara

Labarin bankuna yana nuna ɗaya ɓangaren, watau cewa amanar da ta zube ana iya maido da ita in an dage. Banki yana karɓar ajiyar jama'a ne ya ba da rancen mafi yawanta, yana riƙe da kaɗan don masu zuwa cira. Muddin masu ajiya sun natsu, tsarin yana tafiya lami lafiya. In kuwa jita-jita ta sa kowa ya zo karɓar kuɗinsa rana ɗaya, ko bankin da ke da ƙoshin lafiya sai ya durƙushe.

Nijeriya ta ɗanɗana wannan tun kafin mulkin kai. A shekarun 1950, bankuna 21 daga cikin 25 na 'yan ƙasa suka rushe, masu ajiya suka tashi a tutar babu. Bayan da aka ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 aka sassauta ba da lasisi, yawan bankuna ya tashi daga kimanin 40 a 1985 zuwa kimanin 120 a farkon shekarun 1990. Da yawansu ba aikin banki ya dame su ba, cinikin dala suka sa a gaba, wasu daraktoci kuma suka riƙa ba kansu da 'yan uwansu rance ba jingina. Zuwa 1995 bankuna 60 ne ke cikin mawuyacin hali, watau kusan rabin bankunan ƙasar. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa dokar soja mai lamba 18 ta 1994 wadda ta samar da kotuna na musamman don hukunta masu hannu a rushewar bankuna, kuma ran 16 ga watan Janairu na 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya.

Akwai Hukumar Inshorar Kuɗaɗen Ajiya ta Nijeriya, watau NDIC, wadda aka kafa a 1988 ta fara aiki a 1989, amma iyakar abin da take lamuncewa a lokacin Naira 50,000 ne ga kowane mai ajiya. Wanda kuɗinsa suka fi haka sai ya jira a sayar da kadarorin bankin, abin da kan ɗauki shekaru, kafin nan kuwa hauhawar farashi ta cinye darajar kuɗin. Akwai 'yan fansho da ƙananan 'yan kasuwa da suka yi rantsuwa sun bar banki ke nan har abada.

Gyaran ya zo ne mataki-mataki. A watan Yuli na 2004 Gwamnan Babban Banki Farfesa Charles Soludo ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga Naira miliyan dubu 2 zuwa miliyan dubu 25, ya kuma ba da wa'adin wata 18. Zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25. A watan Agusta na 2009 magajinsa, Malam Sanusi Lamido Sanusi, bayan binciken littattafan bankuna, ya sauke shugabannin bankuna biyar, daga baya ya ƙara da wasu uku, aka zuba Naira miliyan dubu 620 don kada bankunan su faɗi, aka kuma wallafa sunayen manyan masu bashi a jaridu. A 2010 aka kafa hukumar AMCON don sayen basussukan da suka maƙale. Tsarin ya ci kuɗi masu yawa, kuma har yanzu ana muhawara a kan wasu sassansa, amma masu ajiya a waɗannan bankuna ba su rasa kuɗinsu ba, sun kuma ga an gurfanar da manyan mutane a gaban kotu.

Amfanin wannan ya bayyana ran 3 ga watan Yuni na 2024, lokacin da Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage. 'Yan makonni kafin nan NDIC ta ɗaga lamuninta daga Naira 500,000 zuwa Naira miliyan 5. Cikin 'yan kwanaki ta fara tura wa masu ajiya kuɗinsu zuwa asusunsu na wasu bankuna, ta hanyar amfani da lambar BVN. Manyan masu ajiya sun yi ta jira suna kokawa, amma mafi yawan masu ajiya kuɗinsu bai kai iyakar lamunin ba, kuma ba a ga jama'a sun yi rububin kwashe kuɗi daga sauran bankuna ba. Abin da ya kwantar da hankali shi ne an ga kuɗi sun shiga asusu, gani kuwa ya kori ji.

Abin lura a nan shi ne bambancin 2004 da 2022. Duka biyu umurni ne mai tsauri daga hukuma ɗaya. A na farko an ba da isasshen lokaci, an bayyana ƙa'ida, an kuma tsaya a kanta. A na biyu an ba da 'yan makonni, an yi ta sauya magana, sa'an nan aka yi jinkirin bin umurnin kotu.

Haraji da kuɗin man fetur

Babu inda halaccin hukuma ke fuskantar gwaji kamar wajen karɓar haraji, domin a nan ne take sa hannu a aljihun mutum kai tsaye. Tarihin ƙasar nan cike yake da misalai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafta jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. A 1929 matan Aba da kewaye sun tashi tsaye saboda tsoron za a ɗora musu haraji, sojoji da 'yan sanda suka kashe fiye da 50 daga cikinsu, daga baya Turawan mulkin mallaka suka sake fasalin tsarin hakiman da suka naɗa a yankin. A Abeokuta ƙungiyar mata ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti ta yi ta zanga-zangar ƙin haraji har Alake ya sauka daga gadon sarauta a watan Janairu na 1949. A 1979 kuma gwamnonin jam'iyyar PRP, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali da hawansu mulki. A duk waɗannan wurare ƙorafin bai tsaya a kan yawan kuɗin ba. Mutane suna tambaya ne wa ya ba mai karɓa izini, da wa aka yi shawara, kuma ina kuɗin ke zuwa.

Bayan da kuɗin man fetur suka yawaita a shekarun 1970, gwamnati ta daina dogara da harajin jama'a, jama'a kuma suka rage tambayar yadda ake kashe dukiyar ƙasa. Alƙaluman hukuma sun nuna cewa a 2021 harajin da aka tara bai kai kashi 11 cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa ba, alhali matsakaicin ƙasashen Afirka ya kai wajen kashi 16. Mutumin da ya haƙa rijiyar burtsatse da kuɗinsa, ya sayi janareto, ya biya 'yan sintirin unguwa, ya sa 'ya'yansa a makarantar kuɗi, da wuya a gamsar da shi cewa akwai sauran haƙƙin hukuma a kansa. Jihar Legas ta nuna cewa ana iya sauya wannan, inda kuɗin shigarta na cikin gida suka tashi daga kimanin Naira miliyan 600 a wata a 1999 zuwa fiye da Naira miliyan dubu 800 a shekarar 2023. Yawan kamfanoni da gyaran hanyoyin karɓa sun taimaka ƙwarai, haka nan kuma ayyukan da masu biya ke gani da idonsu.

Rikicin tallafin man fetur ma batun amana ne. Ran 1 ga watan Janairu na 2012 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta janye tallafin, lita ta tashi daga Naira 65 zuwa 141. Hujjar masana ita ce kuɗin tallafin sun fi amfani a hanyoyi da asibitoci da makarantu. Amsar jama'a ita ce ba su yarda kuɗin za su isa can ba. Bayan yajin aiki da zanga-zanga a faɗin ƙasa aka mai da farashin Naira 97. Binciken Majalisar Wakilai na wannan shekara ya gano cewa Naira miliyan dubu 245 aka ware wa tallafin a kasafin 2011, amma abin da aka biya ya haura Naira tiriliyan 2, abin da ya ƙara wa masu shakka ƙarfin gwiwa.

A shekarun 1990 an bi wata hanya dabam. Bayan ƙarin kuɗin mai na 1994 aka kafa asusun PTF don a riƙa zuba rarar kuɗin cikin ayyukan da kowa zai gani, kamar hanyoyi da magunguna da littattafan makaranta, kowanne ɗauke da tambarin asusun. Wannan ya sa mutane da yawa suka haƙura. To amma asusun ba ya ƙarƙashin sa idon wata majalisa, kuma da aka koma mulkin farar hula a 1999 aka rushe shi. Wannan ya nuna cewa aikin da ake gani yana jawo wa hukuma farin jini, amma in babu tsarin bin diddigi farin jinin yakan tafi tare da waɗanda suka kafa ta.

Inda amana ke komawa

Idan mutane suka yanke ƙauna daga hukuma, ba sa daina yarda da kowa, sai dai su kai yardarsu wani wuri. Wasu sukan koma adashi da ajiya a wurin amintaccen ɗan kasuwa, wasu su sayi dala ko fili ko dabbobi, wasu kuma, kamar yadda aka gani a 2023, su koma kamfanonin tura kuɗi ta waya irin su OPay da Moniepoint, saboda kuɗi na wucewa ta wurinsu a lokacin da hanyoyin bankuna suka cushe. Kuɗin intanet na eNaira kuwa, wanda Babban Banki ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2021, bai sami karɓuwa ba ko a tsakiyar ƙarancin tsabar kuɗi.

Wani lokaci kuma yardar takan faɗa hannun 'yan damfara. Wanda ya ga ribar da banki ke ba shi ba ta kai rabin hauhawar farashi ba, shi ne ke saurin sauraron mai alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Haka aka yi da kamfanonin ajiya na bogi a farkon shekarun 1990, haka aka yi da tsarin MMM da ya rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016.

Ita ma gwamnati tana biyan nata kason. Mai ba ta rance yakan ƙara kuɗin ruwa saboda shakka, ɗan kwangila yakan ƙara farashi don bai san ranar da za a biya shi ba, mai son kafa masana'anta kuma yakan gwammace sayo kaya ya sayar, tun da ba shi da tabbacin ƙa'idar yau za ta kai baɗi.

Abin da ke halalta hukuma

Daga waɗannan misalai ana iya gane abubuwan da ke sa jama'a su amince da hukuma. Na gaba shi ne ta bi dokar da ta kafa ta, ta kuma bi umurnin kotu ko da bai yi mata daɗi ba. Sai ta yi shawara, ta ba da isasshen lokaci, ta faɗi gaskiya game da wahalar da mataki zai jawo. Sai ƙa'ida ta zama ɗaya ga babba da yaro. Sai kuma wanda aka cuta ya san inda zai kai kuka a share masa hawaye. Daga ƙarshe a ga sakamako, a kuma iya bin sawun kowane kwabo. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2023 da kansa shaida ne cewa tsarin bai mutu ba, tun da jihohi sun kai Gwamnatin Tarayya ƙara sun yi nasara.

Akwai sababbin gwaje-gwaje. A watan Maris na 2024 Babban Banki ya sake ɗaga jarin bankuna, har zuwa Naira miliyan dubu 500 ga masu hulɗa da ƙasashen waje, ya ba da wa'adin shekara biyu. Ran 26 ga watan Yuni na 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka yafe wa mai samun Naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara harajin kuɗin shiga, aka kuma tsayar da 1 ga watan Janairu na 2026 don fara aiki da manyan sassansu. Nasarar waɗannan matakai ba za ta dogara da kyawun rubutunsu kaɗai ba. Za ta dogara da ko mai shago a Onitsha da mai hatsi a Dawanau sun ga an daina karɓar haraji barkatai a kan hanya, ko manyan masu kuɗi sun biya nasu kason, da kuma ko abin da aka tara ya koma asibitin garinsu. Alkawari kaya ne, kuma jama'a suna lissafin wanda aka sauke da wanda aka yasar a hanya.